Kwamfutar tebur ba ta kama Wi-Fi: adaftar USB za ka saya ko katin ciki?

Yawancin kwamfutocin tebur na hannu da ake shigowa da su, irin su HP EliteDesk da Dell OptiPlex da Lenovo ThinkCentre, don ofisoshi aka ƙera su, inda kowane tebur ke da nasa kebul na intanet a jikin bango. Shi ya sa da yawansu ke zuwa babu Wi-Fi. Sai ka kai gida ko shago ka kunna MiFi, waya ta kama, laftof ta kama, ita kuwa ko sunan netwok ɗin ba ta gani ba. Ka koma kasuwa, ko Beirut Road a Kano ko Banex a Abuja, a zube maka kwalaye, wannan an rubuta 150, wancan 600, wani 1300, wani 3000, mai shago yana cewa mai babbar lamba ya fi gudu.

Lambar kwali ita ce abu na ƙarshe da ya kamata ka duba. Abin da ke raba adafta mai daɗin aiki da mai ɗaga hankali shi ne eriyarta da inda za ta tsaya, sai ƙwayar da ke cikinta, sai kuma rautar da za ta yi magana da ita, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi ɗin.

Ma'aunan da za ka riƙe kafin ka taɓa aljihu

Na farko, me rautarka ke iya bayarwa? Wi-Fi na tafiya a kan zango biyu da aka fi sani, 2.4 GHz da 5 GHz, sai na uku, 6 GHz, wanda ya zo daga baya. Zangon 2.4 ya fi ratsa bango da zuwa nesa, amma cunkushe yake: layuka uku ne kawai a cikinsa da ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11, kuma Bluetooth da maikurowef duk nan suke. Zangon 5 ya fi gudu da tsabta, sai dai bango na saurin karya shi. Ƙananan MiFi na 4G da yawa zangon 2.4 kaɗai gare su. Idan irinta ce a hannunka, katin da ya fi kowane tsada ma a 2.4 ɗin zai tsaya. Komai faɗin tiyo, ruwan da famfo ya bayar shi zai fito. Juya rautar ka karanta takardar da ke manne a bayanta, ko ka duba a wayarka ko sunan netwok biyu take nunawa, ɗaya da 5G a ƙarshensa. Wannan 5G ɗin zangon 5 GHz ake nufi, ba sabis ɗin 5G da MTN ta fara a Najeriya a 2022 ba.

Na biyu, nisa da abin da ke tsakani. Gidajenmu na bulo da siminti ne, wasu da rufin kankare mai rodi, ga ƙofofin ƙarfe. Ƙarfe da kankare da tankin ruwa duk suna shanye sigina. Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi: ɗauki wayarka, ka durƙusa ka sa ta a bayan akwatin kwamfutar, daidai inda kafofin USB suke, ka ga sanda nawa ta rage. Sannan ka ɗora ta a kan tebur ka sake gani. Sau da yawa bambancin zai ba ka mamaki, domin akwatin kansa ƙarfe ne, kuma a ƙarƙashin tebur yake, jingine da bango. Idan kana da manhajar auna sigina, kusan -50 dBm lafiya lau ne, -67 zai ɗauki kiran bidiyo, daga -80 kuwa wahala ce.

Na uku, gurbin da kwamfutar ke da shi da kuma Windows ɗin da ke kanta. Doguwa ce mai faɗin ciki, ko siririya, ko ƴar ƙarama mai girman littafi? Windows 7 ce, 10 ko 11?

Na huɗu, ƙwayar ciki. Sunan da ke kwali na mai haɗawa ne. Ainihin aikin wata ƴar ƙwaya ce ke yin sa, kuma galibi daga Intel, Realtek, MediaTek ko Qualcomm take. Ita ke yanke hukuncin direban da za ka sa, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane adaftar, da ko za a ci gaba da sabunta shi. Kamfani na iya canja ƙwaya bai canja suna ba. TP-Link TL-WN722N misali ne sananne: fitowar farko ƙwayar Atheros ce, ta biyu da ta uku kuwa Realtek. Don haka a duba lambar fitowa, V1 ko V2 ko V3, a jikin kwali.

Sai kuma kuɗi, ƙarko, sauƙin sawa da haɗari. Farashin naira na bin dala, don haka da dala zan kwatanta, ka lissafa da canjin ranar.

Game da lambar kwali, ga yadda ake haɗa ta. AC1300 na nufin 867 a zangon 5 da 400 a zangon 2.4, aka tara. Irin wannan adafta ba ta hawa zango biyu a lokaci guda, don haka 1300 ɗin ba za ka taɓa ganin sa ba. AX3000 shi ne 2402 da 574, kuma 2402 ɗin sai rauta ta buɗe layi mai faɗin 160 MHz. A kan 80 MHz rabi ne, 1201. Abin da ke isowa hannu a zahiri kan tsaya tsakanin rabi zuwa kashi biyu cikin uku na gudun haɗin. Kuma megabit (Mb) a daƙiƙa ake ƙirgawa, sai ka raba da 8 kafin ka samu megabait (MB) ɗin da kake gani lokacin sauke fayil.

Ƴar ƙaramar USB, mai girman farce

Ita ce ta cika kasuwa. TP-Link TL-WN725N ce fitacciya a cikinsu: Wi-Fi 4, fasahar 2009, gudun haɗi 150, zangon 2.4 kaɗai. Kuɗinta kimanin dala 10, marasa suna kuma ƙasa da haka. Sawa ba wuya, ka cusa, Windows 10 ko 11 kan gane ta da kanta.

Matsalarta girmanta. Eriyar wani ɗan zanen tagulla ne a kan allo, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba, ga shi za a liƙa ta a jikin akwatin ƙarfe. Ba ta da wurin fitar da zafi, don haka a bazara, a ɗakin da babu fanka, idan aka daɗe ana sauke babban fayil sai ta ɗau zafi, gudu ya ragu ko ta yanke. Marasa suna kuma nan ne jabu ya fi yawa: kwali ya ce 600 ko 1200, ciki kuwa tsohuwar ƙwayar 150 ce. Wasu tsofaffin ba sa shiga netwok ɗin da aka kulle da WPA3 zalla, tsarin tsaron da ya fito a 2018.

Ba na raina ta. Idan MiFi na kan tebur ɗaya da kwamfutar, aikin kuma buga takardu ne da cike fom da imel, za ta yi. Amma a kafar gaba za ka sa ta, ba ta baya ba.

USB mai eriya a waje

Nan ne mafi yawan mutane ya kamata su tsaya. Archer T2U Plus mai lamba AC600 da Archer T3U Plus mai AC1300 misalai ne na Wi-Fi 5, masu zango biyu. Akwai kuma na Wi-Fi 6 kamar Archer TX20U Plus. Na Wi-Fi 5 kan kama daga dala 15 zuwa 25, na Wi-Fi 6 su haura haka.

Babbar fa'idarta ba gudu ba ce, ƴanci ne: za ka iya matsar da ita. Sayi kebul ɗin ƙarin tsawo na USB, mita ɗaya ko ɗaya da rabi, ka fito da adaftar daga bayan akwati, ka tsayar da ita a kan tebur ko ka ɗaure ta a saman allon kwamfutar, eriya na kallon sama. Wannan ɗan kebul kan gyara sigina fiye da ƙarin kuɗin da za ka kashe a kan babbar lamba. Yana kuma maganin wata matsala da mutane kaɗan suka sani: kafar USB 3.0, mai shuɗin harshe, tana fitar da hayaniyar lantarki daidai zangon 2.4 GHz. Intel ta wallafa bayani a kan haka tun 2012. Idan ka jona ma'ajiyar fayil ta waje (hard disk) a kafa ɗaya, adafta a ta kusa da ita, Wi-Fi na iya raunana. Nisanta su kaɗan, magana ta ƙare.

Kafar da za ka sa ta ma da bambanci. USB 2.0 iyakarta 480 a takarda, a aikace ƙasa da 300, don haka AC1300 a baƙar kafa an ɗaure mata ƙafa. AC600 kuwa ba ruwanta, USB 2.0 ta ishe ta.

Ƙarkonta matsakaici ne. Abin da ya fito waje ana bangaje shi. A shagon da yara ke shige da fice, ƙafa ɗaya ta isa ta karya adaftar, wani lokaci har da kafar kwamfutar. Hannu ma na iya ɗauke ta. Sai batun direba: yawancinsu ƙwayar Realtek ce, suna zuwa da ɗan ƙaramin faifai, kwamfutoci da yawa kuma yanzu ba su da wurin sa faifai. Ga ka da adafta, ba direba, ba intanet ɗin sauke direba. Mafita ita ce ka jona wayarka da kebul, ka kunna raba intanet ta USB a saitin wayar, ka sauke direban daga shafin kamfanin da ya yi adaftar. Kada ka yarda da shafukan nan da ke cewa za su sabunta maka duk direbobi kyauta, ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga kwamfuta. Idan tana yankewa haka kawai bayan ƴan mintuna, shiga Device Manager ka hana Windows kashe ta da sunan tattalin wuta.

Mai amfani da Linux ya yi hattara a nan. Adaftocin Realtek da yawa sai an ɗauko direba daga waje an haɗa da hannu, kuma yakan karye idan an sabunta tsarin. Masu ƙwayar MediaTek, kamar MT7612U da MT7921AU, direbansu na cikin Linux ɗin tun asali.

Katin PCIe, wanda ake dasawa a ciki

Idan kwamfutar a girke take, ba ta zuwa ko'ina, kuma da ita kake neman abinci, wannan nake ba da shawara ba tare da kwana-kwana ba. Katin na shiga ɗan gajeren gurbin PCIe x1 a kan madabod, wato babban allon da ke cikin akwatin, kuma yana zama a dogon gurbin ma idan shi ne babu kowa. Eriya biyu ke fitowa ta baya. Masu kyau, irin su Archer TX3000E da ASUS PCE-AX58BT, suna zuwa da gindin eriya mai dogon kebul da za ka ɗora a kan tebur. Na Archer har maganaɗisu gare shi, yana kama jikin akwati. Idan za ka zaɓa tsakanin kati mai eriya a manne a baya da mai gindi, ɗauki mai gindi.

Abin da ya sa na fifita shi ƙwayar ce. Yawancin waɗannan katunan Intel AX200 ne a ciki, Wi-Fi 6 na 2019, ko AX210 da ya biyo baya da zangon 6 GHz. Intel da kanta ke fitar da direbansu tana sabuntawa, Windows na gane su, Linux ma ya san AX200 tun fitowar 5.1. Haɗinsu ya fi tsayawa, jinkirin amsa ya fi daidaito, wanda shi ne abin da mai kiran Zoom da mai wasan intanet ke ji a jikinsu. Akwai kuma Bluetooth a haɗe. Kuɗi daga dala 25 zuwa 50, wato bai yi wa USB mai kyau nisa ba.

Wahalarsa a ranar farko take, kuma abubuwa uku ke kayar da mutane. Na ɗaya ƙarfen baya, wanda ke riƙe katin a jikin akwati: siririyar kwamfuta gajeren ƙarfe take ɗauka, don haka ka buɗe kwalin a gaban mai shago ka tabbata akwai gajeren a ciki. Na biyu ɗan siririn kebul ɗin Bluetooth. Wi-Fi ta gurbin PCIe yake bi, Bluetooth kuwa ta USB, sai ka jona kebul ɗin a wasu ƴan allurai tara da ke kan madabod, galibi an rubuta F_USB ko USB a gefensu. Ka manta da shi, Wi-Fi zai yi aiki, Bluetooth shiru. Wasu kwamfutocin ofis na HP da Dell ba su da waɗannan allurai a sake, ka leƙa tukuna idan Bluetooth ya dame ka. Na uku Windows: AX200 da AX210 ba su da direban Windows 7, sai 10 ko 11 mai bit 64, zangon 6 GHz kuma sai Windows 11. Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 na gama-gari a ranar 14 ga Oktoba 2025, don haka mai tsohuwar na'ura ya san inda ya dosa kafin ya zuba kuɗi.

Wajen dasawa, kashe kwamfutar, zare wayar wuta daga soket gaba ɗaya, danna maɓallin kunnawa sau ɗaya don ragowar wuta ta fita. Taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa katin, musamman da hunturu, lokacin da iska ta bushe har riga ke tartsatsi idan an cire ta. Wannan ɗan tartsatsin na iya kashe ƙwaya. Riƙe katin ta gefe, danna shi har ya zauna daram, ɗaure noti, sannan ka murɗa eriyoyin da hannu, ba da filaya ba. Tunda ka buɗe, ka busa ƙurar da ta taru a fanka. In hannunka bai saba ba, aikin minti goma ne a wurin mai gyara.

Bayan haka sai ka manta da shi. Ba mai bangaza, ba mai ɗauka, kuma yakan kai ƙarshen rayuwar kwamfutar.

Katin M.2, na ƴan ƙananan kwamfutoci

ThinkCentre Tiny, OptiPlex Micro da EliteDesk Mini ba su da gurbin PCIe na yau da kullum. Abin da da yawansu ke da shi ɗan gurbin M.2 ne na Wi-Fi, irin na laftof. Katin kansa ba tsada, kimanin dala 15 zuwa 25, amma sai ka nemi wayoyin eriya daban, kuma maɓallansu ƙanana ne ƙwarai, suna saurin lalacewa a hannun da bai saba ba. Tarkon da ke nan shi ne lamba: AX200 da AX210 suna aiki a kusan kowane gurbi, AX201 da AX211 kuwa sai a wasu madabod na Intel da aka tsara musu, ba sa tashi a AMD ko tsohuwar Intel. Tsofaffin ƙananan kwamfutoci ma Mini PCIe gare su, ba M.2 ba, wasu tsofaffin Lenovo da HP kuma kan ƙi katin da ba ya cikin jerin kamfanin. Wanda ba ya son wannan bincike ya ɗauki USB mai eriya.

Hanyoyin da ba adafta ba

Kafin duk wannan, ka tambayi kanka ko kebul zai yiwu. Cat5e ko Cat6 na ɗaukar gigabit ɗaya har tsawon mita 100, bango bai dame shi ba, maƙwabta ba su dame shi ba, kuma kowace kwamfutar tebur na da kafarsa. Idan rautarka na da kafa a baya, kuma mai gida zai bari a huda bango ko a bi ta taga, babu adaftar da za ta kamo shi. MiFi da yawa kuma na ba da intanet kai tsaye ta kebul ɗin USB, sai dai barin ta a caji dare da rana na kumbura batir. Na'urar da ke tura intanet ta wayar wutar gida ba na ba da shawararta a inda ake sauyawa tsakanin wutar NEPA da janareta da inbata. Tana son layin wuta ɗaya mai tsabta, hawa da saukar wuta kuma na cin ta.

| Zaɓi | Kuɗi | Sigina | Ƙarko | Sauƙin sawa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Ƙaramar USB | kimanin dala 10 | rauni, sai kusa | kaɗan | cusa kawai | jabu, zafi |
| USB mai eriya | dala 15 zuwa 45 | mai kyau in an matsar da ita | matsakaici | sauƙi, sai direba | karyewa, direba |
| Katin PCIe | dala 25 zuwa 50 | mafi kyau | mai yawa | sai an buɗe akwati | ƙarfen baya, tsohuwar Windows |
| Katin M.2 | dala 15 zuwa 25, ban da eriya | ya danganta da eriya | mai yawa | sai gwani | sayen wanda bai dace ba |
| Kebul | gwargwadon tsawo | babu yankewa | mai yawa | sai an ja waya | ɓera, huda bango |

Kowanne ka saya, ka gwada kafin ka bar shagon ko ka yi sharaɗin mayarwa. A Device Manager, lambar shaidar na'ura (Hardware Ids) na tona asirin ƙwaya: 8086 Intel ce, 0BDA Realtek ta USB, 0E8D MediaTek ta USB. A gida kuma ka buɗe Command Prompt ka rubuta netsh wlan show interfaces, za ka ga ƙarfin sigina da ainihin gudun da aka haɗu a kai.

Wa ya dace da wanne

Ɗalibi ko mai ɗaki ɗaya da MiFi a gefensa: ƙaramar USB ta kamfani sananne ta wadatar, ragowar kuɗin ya sayi data.

Mai haya da rauta a falo, kwamfuta a ɗaki, bango ɗaya ko biyu a tsakani: USB mai eriya da zango biyu, tare da kebul ɗin ƙarin tsawo. Haka ma mai Windows 7, sai dai ya tabbata kwalin ya ambace ta.

Mai aiki daga gida, mai koyarwa ta bidiyo, mai ɗora manyan fayiloli, ko mai rautar sabis ɗin 5G, faiba ko Starlink: katin PCIe mai AX200 ko AX210 da eriya mai gindi. AX210 na da ma'ana ne idan rautar na da zangon 6 GHz ko kana shirin sayen irinta; in ba haka ba AX200 ya isa. Wi-Fi 7 kuwa, sai mai rautar Wi-Fi 7 da sabuwar Windows 11.

Mai shagon buga takardu ko cibiyar rajista da kwamfutoci biyar zuwa sama: kada ka sayi adafta biyar su riƙa rububin zango ɗaya. Sayi ƙaramin suwic, wato na'urar raba intanet ta kebul, mai kafa takwas, ka ja wa kowace kebul daga rauta, ka bar Wi-Fi ga wayoyin kwastomomi.